Sandar Yaya Buba Ta Tafi Jami'a

Tun da na dawo ban sha shayi cikin kwanciyar hankali a majalisarmu ta bakin tsohuwar tashar jirgi ba. Wannan ya ce, da gaske akwai jami'ar da ake ba mutum digiri don ya iya busa? Wancan ya ce, wai an ce ɗalibai na kwanciya a ƙasa malami na zagaya su? Na amsa har murya ta dushe, kuma na lura duk wanda na ba labarin, washegari sai in tsince shi a bakin wani ya yi ƙiba. Saboda haka na ga gara in rubuta shi sau ɗaya, yadda na saba yi wa ɗalibai a allo. Wanda ya kwafa daidai ya huta, wanda ya ƙara nasa kuma alhakin na wuyansa.

Mu biyu muka yi tafiyar, ni da yayana Buba. Uwa ɗaya uba ɗaya muke. Shi ya tsaya bayan shanu a Moriki, ni aka kama aka kai makaranta, na ƙare a nan Kaura Namoda ina koyar da Hausa da adabi har gwamnati ta sanar da ni cewa na gaji. Asalinmu Fulani ne, sai dai Fillancin ya daɗe da barin bakinmu. A wuri biyu kawai ya maƙale: sunayen shanu, da kunyar ɗan fari.

Ga wanda bai san wannan kunya ba, a gidanmu uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari. Ba ya zama da shi a tabarma ɗaya, ba ya yabonsa, ba ya kallonsa ido da ido. In magana ta zama dole, sai ya faɗa wa wani a gaban yaron, yaron ya ɗauka daga can. 'Yan zamani na cewa rashin ƙauna ne. Ni da na girma a ciki na san ba haka ba ne, amma ban taɓa iya yi wa aji bayanin dalilin ba.

To, Sanusi shi ne ɗan farin Yaya Buba. Ana yaye shi aka miƙo mini shi, a hannuna ya girma. Hutu kawai yake yi a Moriki, kuma duk hutu sai ya dawo da sabuwar sarewa ta kara da sabuwar hanyar hana ni barcin rana. Maƙwabcina Mista Bulus, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa da ke jagorantar mawaƙan cocinsu, shi ya fara lura cewa abin da nake kira hayaniya yana da tsari. Ya koya masa karanta rubutun kiɗa, wancan mai kama da tururuwa sun hau layuka biyar. Da yaron ya gama sakandare ya ce fannin kiɗa da wasan kwaikwayo zai karanta a jami'a, na je Moriki na faɗa wa ubansa. Ya dubi ƙasa ya ce, "Ɗanka na, Iro." Na ɗauki wannan a matsayin yarda, domin ita nake nema.

Sai ga shi bana yaron ya kai ƙarshe, ya kira ni a waya.

"Bappa, karatun nan da izininka na yi shi, kuma na gode. Amma abin da ya rage ba karatu ba ne, rayuwa ce. Sun ce in tsaya in ci gaba, ina koyar da 'yan ƙasa da ni, ina aiki a ɗakin naɗar sauti. In Baba bai yarda ba, ina gama wasan jarrabawa zan tattara in dawo kara in riƙe igiya."

Kara dai kasuwar shanu ce, inda ubansa ke dillanci tun da garke ya watse. Na san yaron, ba barazana yake yi ba. Na aika wa Yaya Buba saƙo, ina jiran in sake jin "ɗanka na". Maimakon haka sai ga mutum da kansa a ƙofar gidana, da rawani, da 'yar jaka, da sanda.

Da na ga sandar na san magana ta girma. Ta mahaifinmu ce, ta yi baƙi ta yi santsi saboda hannu. A gidanmu ba a ba ɗa ita sai ranar da za a damƙa masa garke. Mutum ba ya ɗauko irin wannan sanda don ya je kallon wasa.

"Yaya, ina zuwa da wannan?"

"Inda za ni za ta."

"Jami'a fa za mu."

"An hana sanda can?"

"Ba a hana ba."

"To mi ad damuwarka, ɗan boko?"

Mai hankali in zai je tsakiyar ƙasar nan daga Kaura, ta Gusau zai bi ya miƙe. Yaya Buba ya ce ta Nijar za mu bi. Wato kudu za mu, sai mu fara da arewa. Dalilinsa shi ne, tun da ɓarayin daji suka kore mafi yawan garkenmu, 'yan ragowar suna hannun ɗan'uwanmu Manu a tsallaken iyaka, kuma ya ce ba zai je ya yanke magana kan wani yaro ba sai ya ga abin da ya rage. Ban yi gardama ba. Na karanta littattafai da yawa, babu wanda ya koya mini yadda ake musu da babban wa.

Motar Shinkafi ta tashi cike, kowa na addu'a a ransa, ba mai hira sai an wuce wuraren da direba ke ƙara wuta. Na tuna lokacin da muke bin hanyar nan muna yara a bayan akori-kura ranar kasuwa, muna waƙa, babban abin tsoronmu shi ne kada hula ta tashi. A Shinkafi muka ci tuwon dawa da miyar kuka wurin wata mai abinci da ta gane ni, ta ce na taɓa korar ɗanta daga aji saboda surutu, yanzu kuma yana aikin gidan rediyo. Ta ƙara mini nama. Ban gane ba ko godiya ce ko ramuwa.

Daga nan sai babur. Ɗan kabu-kabun da ya ɗauki Yaya Buba bai yi nisa ba ya tsaya, domin yayana ya gicciya sandar a kafaɗa irin ta makiyaya, tana shafar duk wata ƙaya da ke gefen hanya, har ta kusa cire wa wani mai jaki hula.

"Baba, don Allah ka tsai da ta tsaye. Babur na, ba saniya ba."

"In da saniya ce da mun isa," in ji Yaya Buba.

A bakin iyaka wani jandarma siriri ya karɓi katinmu yana juya shi kamar mai neman aibu a zane. Ya tambayi aikina, na ce malamin makaranta mai ritaya. Sai ya ƙame ya sara mini, ya ce, "A, mushe ne! Sannu da aiki, mushe." Ashe haka suke kiran malamin boko a can, ba mushen dabba yake nufi ba. Shekara da shekaru ina koyarwa a ƙasata ba wanda ya taɓa sara mini, sai da na tsallaka ta wasu. Ya juya ga Yaya Buba.

"Tsoho, ina zuwa?"

"Wurin wani yaro."

"Wane yaro? Ɗanka?"

Yaya Buba ya ɗaga kai yana duban sama kamar mai neman hadari. Jandarman ya dube shi, ya dube ni, sai ya fashe da dariya.

"Ɗan fari ne! Ku wuce, ku wuce. Tsohona ma har ya rasu 'kai wancan' yake ce mini."

Ku riƙe wannan jandarma a ranku, zan dawo kansa.

A rugar Manu muka sauka. Aka kawo fura da nono mai tsamin da na manta akwai irinsa, da cuku busasshe wanda haƙorana suka gaishe shi daga nesa. Da la'asar sakaliya shanu suka fara dawowa. Ba su da yawa, mutum zai iya ganin bayansu duka ba tare da ya juya wuya ba. Yaya Buba ya miƙe, ya dogara da sandar, ya buɗe baki ya yi kiran nan da ban ji ba tun mahaifinmu na raye. Ba waƙa ba ne, ba kuma ihu ba, wani abu ne a tsakani, mai tashi sama ya karye ya gangaro. Ya fara da Ɓale, baƙar uwar garke, sannan Rane, sannan Woɗe, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Wasu suka ɗago kai suka nufo shi. Amma mafi yawan sunayen da ya kira babu mai amsa su, masu su suna can inda aka kora su. Bai tsallake ko ɗaya ba. Yana kira yana dakatawa gwargwadon lokacin da saniya za ta amsa, sannan ya wuce gaba.

Manu ya ce mini a hankali, "Kullum ya zo haka yake yi." Ni dai na shagala da goge tabarau, domin ƙurar wajen tana da yawa.

Maraɗi ba mu daɗe ba. Abin da na riƙe shi ne burodinsu dogo mai tauri, wanda Yaya Buba ya auna da sandarsa ya ce aƙalla mutanen nan sun san abin da ake kira makami. Muka sake shigowa ƙasarmu ta Jibiya, inda jami'inmu bai sara mini ba, muka bi ta Katsina da Kano, muka shiga doguwar mota mai zuwa garin duwatsu da sanyi inda jami'ar take. A motar wani mai tallar magani ya yi mana wa'azi, wani mai wa'azi kuma ya yi mana tallar magani. Yaya Buba ya rungume sandarsa tsakanin gwiwoyi. Sau biyu na buɗe baki in tambaye shi abin da ya yanke, sau biyu na rufe.

Masaukinmu gidan Mama Rifkatu ne, ƙanwar Mista Bulus. Ta share mana ɗaki, ta ajiye buta da sabuwar tabarma ta nuna mana gabas tun kafin mu tambaya, ta ce ta yi zaman Kaura tana yarinya, har yanzu tana mafarkin kukan jirgi in ya iso ƙarshen layi. Muka yi ta lissafa shagunan da babu su yanzu. Ta kawo mana gwate, wani fate na acca da ganye mai ɗan tsami, wanda na sha har na ji kunya. Yaya Buba ya ɗanɗana ya ce, "Kunu na ko miya?" Ta ce duka biyun. Ya ce a garinsu akan yanke shawara tukuna kafin a ɗora tukunya. Amma ya shanye.

Muna cikin ci sai ga babban ɗanta ya dawo daga aiki, ƙato mai gemu. Ta miƙe tana kiran "Dauda! Dauda na!", ta rungume shi, ta kama kumatunsa tana faɗa mana shi ne ɗanta na fari, injiniya ne, tun yana yaro ya fi kowa ƙwaƙwalwa. Bangon ɗakin kuwa duk hotunansa ne, daga mai rarrafe har mai hular digiri. Yaya Buba ya sunkuyar da kai kamar an yi tsiraici a gabansa. Da muka koma ɗaki ya ce, "Iro, matar ga mutuniyar kirki ta. Amma ba ta tsoron baki?" Na ce kowane gida da yadda yake ɓoye abin da yake so, su a bango suke ɓoye nasu. Ya ce, "Boko dai."

Da safe muka hau babura zuwa jami'a. Nawa ya yi faci a hanya, na Yaya Buba ya wuce. Ko da na iso ƙofar sashen, na tarar da taro. Masu gadi biyu, da ɗalibai, da yayana a tsakiya riƙe da sanda.

"Baba, mun ji wurin ɗalibi ka zo. Sunansa muke tambaya."

"Dogo na. Shina da 'yar wushirya."

"Sunansa, Baba."

"Ɗan gidan ƙanena na."

"To shi ƙanen naka, ɗansa ba shi da suna?"

"Shina da shi."

"To faɗa mana!"

Yaya Buba ya gyara riƙon sandarsa. Wata ɗaliba ta ce wataƙila tsohon ya manta ne saboda tsufa, a ba shi ruwa. Wani ya ce a duba ko ya ɓace ne daga asibiti. Mai gadi ɗaya kuma idonsa na kan sandar. Na kutsa na faɗi sunan, nan take wurin ya ɗauka, "A'a, Sanusi mai sarewa! Babansa ne?" Yaya Buba ya sake duban sama. A nan na tuna da jandarman can. A ƙasar wasu an gane mu da kallo ɗaya, a tamu kuwa saura kaɗan a kai mu ofishin tsaro.

Yanzu ga amsar tambayoyinku na majalisa. E, na ga ɗalibai kwance a ƙasa, numfashi ake koya musu, wai daga ciki murya ke fitowa ba daga maƙogwaro ba. Na ga wata yarinya a ƙaramin ɗaki tana maimaita sauti ɗaya tal har na je na dawo ba ta canza ba. Na ga kalangu da kotso da goge a cikin akwatin gilashi, kowanne da 'yar takardar suna, kamar marasa lafiya a gadon asibiti, ko da yake an ce ana fito da su a kaɗa. Na ga aji guda ana gardama kan dalilin da ya sa kiɗan noma ke sa mutum ya manta da gajiya, ana rubutawa. A garinmu makaɗi gado yake yi, ɗan makaɗi ya bi ubansa, ɗan wani kuwa in ya taɓa ganga a ce ya lalace. A can na ga ɗan limami da 'yar fasto da ɗan mahauci a benci ɗaya, ba wanda aka tambaya gidan su wa ya fito.

Shugabar sashen, wata Dakta mai furfura da Hausar kasuwa, ta karɓe mu a ofis. Na shirya tambayoyi irin na masu ilimi, amma Yaya Buba ya riga ni.

"Malama, tambaya guda. In yaro ya ƙare nan, ƙofar wa zai tsaya shina roƙo?"

A nan na gane abin da ke cin sa duk shekarun nan. Ba busar ba ce. Tsoronsa kada jikan mahaifinmu ya tsaya bayan wani mai kuɗi yana koɗa shi.

Ta cire tabarau ta ce, "Baba, ba zan yi maka ƙarya ba. Akwai waɗanda suka fita daga nan suna bin 'yan siyasa da kirari. Akwai wanda yanzu waya yake sayarwa a kasuwa, kuma ya fi ni ƙiba. Wasu na koyarwa, wasu na haɗa sautin fim da na rediyo. Akwai wadda ke yawo ƙauye-ƙauye tana naɗar waƙoƙin tsofaffi kafin su tafi da su. Ni ba na raba tabbas a nan. Digiri ba zai hana shi roƙo ba in mai roƙo ne. Kai ka fi ni sanin halin ɗanka."

"Ba nawa na ba," in ji Yaya Buba. "Na Iro na."

Ta dube ni. Na ce mata dogon labari ne, kuma ba ya cikin manhaja.

Bayan azahar aka buɗe zauren jarrabawa. Muna isa bakin ƙofa Yaya Buba ya ja ya tsaya.

"Shiga kai."

"Yaya, don wannan muka ƙetare ƙasa biyu."

"In zauna cikin mutane in zura mai ido? Kai ma ka san ba a yi."

"Ba wanda ya san mu a nan."

"Ni na san mu."

Ya zagaya gefen ginin ya zauna a ƙasa ƙarƙashin wata taga, ya juya mata baya. Na shiga ni kaɗai, raina a ɓace. Na ce a zuciyata, shi ke nan, mutumin nan ya gama yanke hukunci tun daga Moriki, sanda kawai ya zo miƙawa.

Kallon kiɗa a can wani abu ne daban. A wurinmu kiɗa shi ne abin da ke gudana yayin da mutane ke cin abinci, suna gaisawa, suna faɗa. A can kowa ya zauna ya yi tsit kamar ana karanta wasiyya. Ba guɗa, ba mai tashi ya yi liƙi. Na yi tari sau ɗaya, layi guda ya juyo ya dube ni. Malamai uku na gaba da alƙaluma. Daga kujerata ina hangen tagar nan, ba na ganin Yaya Buba, sai kan sandarsa da ya ɗan zarce dakalin tagar.

Sanusi ya fito da sarewa, bayansa masu goge da ganguna da mai fiyano da mawaƙa maza da mata. Ya fara busa shi kaɗai, siririya, irin ta yaro a bayan shanu da rana tsaka. Sauran suka shigo a hankali. Ina ta ƙoƙarin in saurara irin na mai ilimi, sai kawai sarewar ta tashi sama ta karye ta gangaro, na ji tsigar jikina ta tashi. Kiran gidanmu ne. Mawaƙan nan, 'ya'yan mutanen da ba su taɓa ganin Moriki ba, suka buɗe baki suka kira Rane. Goge ya amsa, kamar saniya daga nesa. Suka kira Ɓale, babbar ganga ta amsa. Suka kira Woɗe. Ɗaya bayan ɗaya yaron nan ya bi garken mahaifinmu, har da waɗanda aka kora, kuma a zauren nan babu sunan da aka kira bai amsa ba. Can sai duk suka haɗu, ƙafafu da ƙaho da ƙura, garke guda na shigowa gida.

Na dubi taga. Kan sandar na ɗagawa yana sauka, sau ɗaya ga kowane suna, yadda makiyayi ke yi a bakin shinge in shanu na shiga. Da aka kai ƙarshe ya tsaya cak. Zauren ya ɗauki tafi. Ni kuwa tabarau ya sake ba ni aiki, ga shi babu ƙurar da zan ɗora wa laifi.

A waje na tarar da shi ya ja rawani ya rufe har hanci, wai sanyi. Sanusi ya fito da gumi, ya tsaya nesa, ya cire takalmi ya durƙusa.

"Baba, sannu da hanya."

Yaya Buba ya dube ni. "Iro, ka ce mai lahiya lau."

"Ya ce lafiya lau," na ce, ko da yake tsakaninsu bai fi tsawon tabarma ba.

"Ka kuma hwaɗa ma wanga yaro, Ɓale ba ta bin bayan Rane. Ita ka gaba. Tun da anka haife ta ba ta taɓa bin bayan wata ba."

"Bappa, ka ce wa Baba na sani. Malamina ne ya ce a fara da murya mai taushi."

"Malamin nai ya taɓa kiwo?"

"Bappa, ka ce bai taɓa ba."

"To."

Iyakar abin da aka yi ke nan. Yaron ya jira, ni ma na jira. Yaya Buba ya miƙe ya ce la'asar ta yi. Washegari Sanusi ya rako mu tasha da jakunkunanmu, ya tsaya jikin mota yana kallon ƙasa. Har direba ya tada inji ba a ce e ba, ba a ce a'a ba. Na ga fuskarsa ta taga lokacin da muka ja, fuskar wanda ya fara lissafin yadda zai tattara kayansa.

Sai da muka bar gari duwatsu suka fara ja da baya na kasa haƙuri. A karo na farko a rayuwata na ɗaga wa yayana murya.

"Yaya, wannan ba kunya ba ce, zalunci ne. Yaro ya ce kalma ɗaya yake jira. Ka ƙetare duniya ka zo ka gyara masa jerin shanu ka tafi?"

Na juyo in ƙara, sai na ga hannayensa a kan gwiwa, ba komai tsakaninsu.

"Ina sandar?"

"Tana wurin matar can mai kunu. Na ce in mun tashi ta ba shi."

"Wato ya dawo kara ke nan."

Ya dube ni irin kallon da yake mini tun ina yaro in na kasa ɗaure maraƙi.

"Kai dai an yi asarar kuɗin makaranta. Wane garke gare ni da zan kira shi ya riƙa? Ka gani da idonka wurin Manu. Ni ina kira ba su amsawa. Shi ya kira jiya, sunka taho duka, har waɗanda anka kora. Na ƙirga su, ba wadda ta ɓace." Ya juya yana kallon hanya. "Wanda shanu ka amsa ma, shi ka riƙon sanda. Ka buga mai waya. Ka ce ya tsaya inda yake ya yi kiwonsu. Ya dai maida Ɓale gaba."

Na buga. Na faɗa masa kalma bayan kalma, ban gyara nahawun ba. Numfashin yaron kawai nake ji, irin wanda aka koya musu daga ciki. Can ya ce, "Bappa, ka ce wa Baba na ji."

Na ce, "Ya ce ya ji."

"Na ji shi," in ji Yaya Buba. "Wayarka ƙara gare ta."

Ta Gusau muka dawo, kamar masu hankali. Na raka shi har Moriki. Da mota ta tsaya a bakin kasuwa ya zuro ƙafa zai sauka, hannunsa ya miƙa gefe yana laluben abin da ya saba dogarawa, bai samu ba. Ya ɗan tsaya. Sai ya ɗora hannun a kafaɗata, muka bi ta cikin kara a hankali har gida, dillalai na ta tambayarsa ina sanda.

Ya ce da su, "Tana jami'a."